Idon sawun da ke yawan gurɗewa: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya: Likita, ina buga ƙwallo. Tun da na yi targaɗe a idon sawun dama bara, ƙafar ba ta daina gurɗewa ba, ko ɗan dutse na taka sai ta karkace. Ciwon kuwa ya daɗe da tafiya. (Wani matashi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ciwo ya tafi, amma ƙafar ba ta gama warkewa ba. A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi 3 da ke ɗaure ƙasusuwa. Idan tafin ƙafa ya juya ciki, ta gaba ce ke fara miƙewa ko yagewa, kuma takan haɗe ne sako-sako. Babbar matsalar ma ba nan take ba. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai ƙananan jijiyoyin ji masu sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka ba tare da ka duba ba. Targaɗe yana raunana wannan saƙo, sai tsokokin gefen ƙwauri, waɗanda aikinsu shi ne janyo ƙafa kafin ta karkace, su riƙa makara. Hutu kaɗai ba ya gyara wannan, sai atisaye.

Ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, ba takalmi, kusa da bango, na daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Idan ka daina tangaɗi, ka rufe ido. Idan wannan ma ya yi sauƙi, ka hau kan matashin kai. Za ka ji idon sawun yana ɗan rawa, to aikin da ake nema ke nan. Sannan ka zauna a ƙasa, ka ɗaura robar tsohon tiyub a ƙafar gado, ka saƙala ta a gefen ɗan ƙaramin yatsa, ka tura tafin waje a hankali sau 15, zagaye 3. Gwiwa kada ta motsa, a nan mutane da yawa ke ɓata aikin. Ka ƙara da ɗaga dunduniya a tsaye sau 15. Ka jure aƙalla mako 6, kuma kada ka koma fili sai ka iya tsalle da ƙafar ba zafi, ba tsoro.

Tambaya: Ɗana ya gurɗe ƙafa jiya, ta kumbura. An ce in gasa masa da ruwan zafi, in kai shi wurin mai ɗori. (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, a dakata da gashin. A kwana 2 zuwa 3 na farko, zafi da murza suna ƙara kumburi ne. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 15 zuwa 20, bayan kowace awa 2 ko 3, ki ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tudu, ki naɗa bandeji daga gindin yatsu zuwa ƙwauri ba tare da matsewa ba. Idan yatsun suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu, a kwance nan take; ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini, har ya jawo asarar ƙafa. Idan ya kasa taku 4, ko yana jin zafi in an danna ƙashin idon sawun kansa, a kai shi asibiti a yi hoton ƙashi. Tun da yaro ne ma na fi son a duba, domin wurin da ƙashinsu ke girma yakan tsage a zaci targaɗe ne.

Tambaya: Takalmi yana da hannu a ciki? Kuma ana yin tiyata? (Wata ma'aikaciya daga Kaduna)

Amsa: Yana da hannu, 'yar'uwa. Dogon dunduniya da silifas ɗin da gefensa ya cinye duk suna karkatar da ƙafa. Ki nemi mai faɗin ƙasa da ke riƙe dunduniya. Masu wasanni kuma su sa abin ɗaure idon sawu na igiya lokacin wasa, wata 6 zuwa shekara bayan targaɗe, tare da atisayen. Tiyatar ɗinke jijiya ba a maganarta sai an yi wata 3 zuwa 6 a hannun likitan gashin ƙashi, ƙafar ba ta daina gurɗewa ba.