Amsa ga mai Golf ɗin da fankarta ta daina tashi

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce Golf ɗinka lafiya lau take a kan titi daga Gumel, amma da ka shiga cunkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis sai allurar zafi ta haura, ruwa ya tafasa, har wani ya ce a haɗa maka fankar dairek, wato a ba ta wuta kai tsaye ba tare da suwic ba.

To, don Allah kar ka yarda. Bari in yi maka bayani.

Motar da ke sanyi a guje, ta yi zafi a tsaye, fanka ake fara tuhuma, don a guje iskar hanya ce ke fifita lagireto. Amma kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ka bari injin ya huce sarai, ka duba ruwa. Kar ka buɗe murfin da zafi, na ga wanda ya saɓule hannu a haka. Abin da ke tada fankar Golf wani suwic ne da ke ɗaure a jikin lagireto, sai ruwa ya wuce digiri 90 yake haɗa wuta. In ruwan ya yi ƙasa, bai kai gare shi ba, yaya za a yi ya ji zafi?

In ruwa a cike yake, sai ka duba fis ɗin fanka, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ka zaro shi ka ɗaga a haske, wani lokacin tsagewar kamar gashi take. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, kar ka naɗa masa waya, Alhaji, haka mota ke kamawa da wuta. Akwai inda waya ta goge take taɓa ƙarfe, ko kuma fankar ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙima.

Daga nan ka zare soket ɗin wancan suwic, ka kunna makulli, ka haɗa ramin da wuta ke shigowa da wanda ke fita da guntuwar waya. In fanka ta tashi, shi ke nan, suwic ne ya mutu, kuma bai kai kuɗin fanka ba. Ka janye yatsunka da hannun riga, don fankar Golf tana iya tashi ko makulli na aljihunka.

In ba ta tashi ba, ka ba fankar wuta kai tsaye daga batir, na gwaji kawai. Ta juya, to laifin yana hanya: rile (ɗan akwatin da ke saki wa fanka wuta), ko soket da ya narke, ko wayar da ke ɗaure a jikin bodi ta yi tsatsa. Wannan ta ƙarshen mutane na raina ta, alhali kankarewa kawai take so. Sannan mu nan karkara, motar da ke dakon gero da riɗi tana kwana kusa da rumbu, ɓera na shiga ya ci waya. Ka bi ta da hannu ka ji. In kuwa ta ƙi juyawa ko da batir, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, gawayin cikinta (wanda ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki) ya cinye, sai gyara ko canji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Shi dairek ɗin, tun daga tada mota fanka na gudu har a kashe, gawayinta ya ƙare da wuri. Ranar da za ta mutu kuma ba sallama, kai ka saki jiki, sai dai ka ji gasket ɗin kan injin ya ƙone. Wallahi abin yana ci mini rai, direba ya yi asarar kuɗin lodin wata guda saboda suwic ɗaya.

Ka gwada waɗannan gobe da safe injin na sanyi, ka turo mini hoton soket ɗin, in ga ko ƙafa 2 ne ko 3, sai in nuna maka ramukan da za ka haɗa.