Katako ko ƙarfe a rufin gida?

Malam, ka tambayi abin da zai maye gurbin katako a rufin gidan da kake ginawa a unguwar Aboabo ta Kumasi, da kuma dabarar rage kuɗin wuta.

Ni dai ƙarfe na sa a nawa. Gara ce ta koya mini hankali: ranar da kafinta ya hau rufin gidan mahaifinmu, da yatsa yake huda katakon itacen da ake kira wawa, gari na zubo mana a ka. Ƙarfe ya fi tsada a farko, amma gara ba ta cinsa. Sai dai ka tsaya a kan mai walda ya shafa fentin hana tsatsa a duk inda ya haɗa. Da a Accra kake, kusa da teku, da na ce sai ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, saboda iskar gishiri. Kumasi da sauƙi.

Bango kuwa, kafin ka sayi bulon siminti, leƙa cibiyar binciken gine-gine ta BRRI a Fumesua, ka ga jan bulo da simintin pozzolana, wato wanda ake yi da gasasshen yumɓu. Bangon jar ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana.

Mafi yawan zafi ta kwano yake saukowa. Zaɓi kwano mai hasken launi, ka sa silin, ka bar ƙofofin iska a tsakaninsu. Tagogi su kalli kudu da arewa, masu luba, wato jerin fallayen gilashi da ake karkatawa iska ta shiga, ba gilashin turawa da mutanenmu ke yayi ba, wanda rabinsa kawai ke buɗuwa. In za ka sayi firji, ƙirga taurarin da ke takardar Hukumar Makamashi da ke manne a jikinsa: yawan taurari, ƙarancin cin wuta.