Tambaya da Amsa: Me ya sa ake huda fiffiken jirgin sama?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyanci ne a Jos. Na ji an ce akwai jiragen da ake huda fikafikansu da gangan domin a zuƙe iska ta hujin, wasu injuna kuma hura iskar ake yi waje. Mene ne amfanin haka?

Amsa: Ɗana, iskar da ke taɓa jikin fiffike manne masa take yi, sannan gudunta ya riƙa ƙaruwa yayin da ake nisa da jikin, har ya kai gudun iskar waje. Wannan siririyar shimfiɗa ce Ludwig Prandtl, masanin Jamus, ya bayyana a taron masana lissafi na Heidelberg a 1904, kuma a lokacin ma ya nuna cewa idan aka zuƙe ta ta wata tsaga, ba za ta rabu da jikin abin ba.

Shimfiɗar nan tana ƙara kauri yayin da take tafiya baya, har ta hargitse, hargitsin kuma shi ke ƙara gogayya da cin mai. Zuƙa tana kwashe iskar da ta gaji a kusa da jiki, sai shimfiɗar ta tsaya a kauri ɗaya, tana gudana lami lafiya. Abin lura shi ne zuƙar kanta tana ɗan ƙara gogayya. Ribar tana cikin hana hargitsi, wanda ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada wannan a jirgin F-16XL a 1995 da 1996, da faranti mai huji fiye da miliyan 10.

Hurawa mai ƙarfi kuwa ɗaga shimfiɗar take yi daga jiki baki ɗaya, sai iska mai sanyi ta shiga tsakanin ƙarfe da iskar gas mai zafi, shi ya sa ake amfani da ita wajen kare sassan injin roka. Ka tuna randar ƙasa mai tsattsafo, ko da yake ita bushewar ruwa ce ke sanyaya ta.

A ganina, babban cikas shi ne toshewar huji. Ƙwari kaɗai sun wahalar da masu gwaji, balle ƙurar hunturu irin wadda ke rufe Jos a watan Disamba.