Sayen wake da kaka a ajiye: akwai riba kuwa?

Wani mai sayar da hatsi ya aiko da tambaya: yana so ya sayi wake a hannun ƙananan manoma da kaka, ya ajiye sai damina ya kai kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano. An kuma yi masa tayin bashi don ya ƙara yawan buhuna. Ya karɓa?

Malam, bashin nan ka bar shi. Gaskiya ne wake yakan yi araha da kaka, domin manomi na da bashin taki da hidimar biki a gabansa, sannan ya yi tsada idan rumbu ya yi ƙasa. Amma ba kowace shekara ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin Najeriya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Mai kuɗin kansa zai iya jira. Mai bashi kuwa, ranar biya ce za ta yanka masa farashi.

Babban abokin gabarka ƙwaro ne, kuma tun daga gona yake biyo waken. Ka nemi buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kowanne a matse iskarsa, a ɗaure shi daban. Ƙwarin da kansu ke shanye iskar da ta rage, su mutu, ba tare da magani ba. Sharaɗi shi ne waken ya bushe ƙayau. Ciza ƙwaya ɗaya, in ba ta fashe ƙas ba, a mayar da shi rana. Ka ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera na huda leda sau ɗaya aikin ya lalace. Kuma ban da yawan buɗewa don leƙe.

Fiya-fiya da Sniper kuwa, don Allah kada su kusanci abincin mutane. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015.

Kafin ka saya, haɗa kuɗin buhu, dako, mota, hayar sito da la'ada a kan kowane buhu, ka san farashin da za ka mayar da uwar kuɗi. Idan kasuwa ta haura shi, sayar da rabi nan take, ka jira da sauran.