Filin Tambaya: Giyarsu ta shekara 40 a kwalba, zobona bai kwana uku ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali ya zafi. Ni dai sana'ar zobo da kunun aya nake a gida, yara na kai min bakin makaranta. Toh ƙanina ne da yake karatu a Ingila ya kira ni yake ban labari wai dattijon da ya ba shi hayar ɗaki ya tara abokansa sun buɗe wata kwalbar giya da ya ajiye tun kafin a haife ni, shekara wajen 40, suna ta sansana suna kaɗa kai kamar masu sayen turare. Ni kuma zobona in aka ɗauke wuta kwana biyu shikenan ya yi tsami, robar ta kumbura. Dan Allah gaskiya ne ko shaci-faɗi ne irin na yaro? In gaskiya ne meye sirrin, ko akwai abin da zan ɗauka na gyara sana'ata?
Daga wata 'yar'uwa, Gwammaja

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, zafi kam alhamdulillah. Ƙaninki bai yi ƙarya ba. Amma bari in fara da cewa ni ban taɓa kai ta baki ba kuma ba talla nake mata ba, hukuncin giya a addininmu ba wanda bai sani ba, balle a Kano da muke ganin Hisbah na bi ta kan kwalabe da motar daɓe titi. Ilimin abin kawai za mu duba tunda ya taɓa sana'arki.

Ba kowace giya ce ke jure ajiya ba, irin wadda ake sayarwa ko'ina mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 in ta daɗe lalacewa take. Wadda dattijon nan ya buɗe wata iri ce mai kauri da Ingilishi ke yi da sha'ir mai yawan gaske, sinadarin mayen cikinta na kaiwa kashi 8 zuwa 12. Wadda ta fi suna ita ce Thomas Hardy's Ale, kamfanin Eldridge Pope na garin Dorchester ya fara yin ta a 1968, kuma a jikin takardar kwalbar ma sun rubuta za ta iya kai shekara 25. Akwai J.W. Lees Harvest Ale tun 1986, akwai Fuller's Vintage Ale ta Landan tun 1997, ana buga musu shekara a jiki kamar lambar mota. Kai, a 2006 an gano wasu kwalabe a garin Burton da aka cika tun 1869, tun kafin Turawa su ci Kano da shekara 34 kenan fa, aka buɗe kuma masu ɗanɗanawa suka ce ta shawu.

Sirrin ba wani asiri bane. Shi sinadarin mayen in ya yi yawa haka yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abin sha ba sa iya rayuwa a ciki, ga shi tun farko an tafasa ruwan sosai, ga wani fure mai ɗaci da suke sawa ana ce masa hops wanda shi ma yana hana ƙwayoyin yaɗuwa, sannan wasu sai su bar ɗan yis mai rai a gindin kwalbar ya riƙa cinye 'yar iskar da ta rage. Sai uwa uba sanyi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke sa ta, cikin duhu, awon zafi 10 zuwa 13 rani da damina. Mu nan a watan Afirilu 40 muke gani, ko man shafawa narkewa yake a kan madubi.

Kuma kar ki ɗauka yadda aka zuba ta haka take zama, canzawa take, canjin ne ma suke bi. Ɗacin yana kwantawa, kumfar ta ragu, kalar ta yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta, su kuma su ce suna jin ƙamshin zabibi da busasshen dabino da ƙonannen sukari. In yis ɗin ya mutu ya narke sai ta ɗauki wani ɗanɗano irin na magi ko daddawa. Wata kuwa murfin ya saki, iska ta shiga, an jira shekara 30 an buɗe sai warin jiƙaƙƙen kwali ko ta koma ruwan tsami. Kwalba biyu daga akwati ɗaya, ɗaya su yaba ɗaya su tuttular. Ni dai a ganina rabin daɗin nan labari ne da tuna ƙuruciya, wanda ya yi gadin kwalba shekara 40 da wuya ya yarda a gaban abokansa cewa ta lalace.

Toh zobonki fa? Kinga nan ne gizo ke saƙa. Ita giyar nan ta riga ta gama rikiɗa shi yasa ta zauna lafiya, naki kuwa ɗanyen sukari ne da ruwa a cikin zafi, yis da sauran ƙwayoyin da ke yawo a iska da jikin bokiti suna samu za su hau ci, suna fitar da gas da tsami da ɗan abin maye. Wannan kumburin robar, da "tsss" ɗin da kike ji in kin murɗa murfi, farkon hanyar da burukutu ke bi kenan. Akwai ruwayar Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha har rana ta uku, daga nan ba ya ƙara sha. Bayanin hukuncin ki nemi malamin unguwarku, amma dai wanda ya fara kumfa kar ki ba 'ya'yan mutane.

Abin da za ki ɗauka a wajensu tsafta ce da sanyi da duhu. Ki tafasa zobon sosai da citta da kanumfarinki, ruwan da za ki ƙara ma tafasasshe, kar ki tsoma hannu a ciki wajen tacewa. Robobin nan da ake tsintowa su ne babbar matsala, wanke su da omo kaɗai bai isa ba, in da hali ki sayi sababbi. Ki cika su sosai kar ki bar iska da yawa a sama, ki sa su a cikin kula mai ƙanƙara, yaran kuma su daina girke ta a rana. Kunun aya ya fi zobo rashin haƙuri tunda ba shi da wannan tsamin na asali, shi kam ki yi daidai na yini, wanda ya kwana ba firji ki haƙura da shi. A gaida ƙanin namu, ki ce ya riƙe karatunsa ya bar tsoho da kwalabensa.