Chrono Trigger: Shin Har Yanzu Ya Cancanci A Buga Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana ta yabon Chrono Trigger, amma tsohon wasan bidiyo ne. Mene ne ƙarfinsa, ina kuma ya gaza? — Wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 1995 a kan na'urar wasa ta Super Famicom, mai zane Akira Toriyama ya zana jaruman. Ƙarfinsa yana wajen faɗa. Kana ganin abokan gaba a fili, sau da yawa kana iya kauce musu. Jarumai uku kake fita da su, kuma biyu ko duka ukun suna iya haɗa dabarunsu su kai hari guda. Sharaɗi shi ne ma'aunin lokacin kowannensu, wanda ke nuna ya shirya kai hari, ya cika, kuma kowa yana da isasshen MP, wato makin da ake kashewa wajen yin dabaru. Masu gaggawar danna hari ɗaya-ɗaya su ke asarar wannan.

Rauninsa: ya yi sauƙi. Da ka gane haɗe-haɗen nan, yawancin manyan abokan gaba ba sa daɗewa. Crono, babban jarumin wasan, kuma ba ya magana, labarin wasu jaruman biyu, Frog da Magus, ya fi nasa armashi.

Ka guji na PlayStation, jiran lodi kafin kowane faɗa zai gundure ka. Na Nintendo DS na 2008 ya fi.