Keken da ke bangon zaurenmu

Ɗana, saƙonka ya iso. Na sa ƙanwarka ta karanta mini sau biyu; na farko na yi dariya, na biyu jikina ya yi sanyi. Wai ka nuna wa mai zane hoton dagi a waya ya yi maka a fuskar sabon gidanka kafin biki, ka dawo ka tarar ya ƙara ganye da tauraro, dagin ma ya miƙe ya yi tsawo. Kana tambaya ko al'ada ta ba shi wannan dama, ko ka rage masa kuɗi.

Rage kuɗi! To, madalla.

A 1960, shekarar da aka samu 'yancin kai, ina ɗan shekara goma, kakanka ya kira wani tsohon magini ya yi wa zaurenmu na cikin birnin Zariya ado. Bayan kaka ne, hunturu ya fara kaɗawa. Mu yara aka ɗora wa ɗiban ruwa. An kwaɓa ƙasa da ciyawa an bar ta kwanaki ta ruɓe, ga makuba, wato ɓawon ɗorawa, an jiƙa a randa don yaɓen ƙarshe, shi ke sa ruwan sama ya zame. Har yau idan na ji warin nan sai in ga zauren.

Tsohon ba shi da takarda, ba shi da awo. Ya yaɓa ƙasa gwargwadon abin da zai gama kafin ta sha iska, ya sa yatsu yana ja. Dagi aka ce ya yi a gefen ƙofa, da takobi a sama, kuma ya fara, mun ga igiyoyin suna shiga juna. Sai ga wani baƙo, abokin kakanka, ya iso da sabon kekensa ƙirar Raleigh, ƙararrawa na ƙyalli. Ya jingina shi da bango ya shige gaisuwa. Akuya ta gifta, keke ya zame, ƙafar gaba ta nutse a ɗanyen yaɓe daidai ƙasan dagin, ta bar rabin da'ira kamar jinjirin wata.

Muka yi tsit, muna jiran faɗa. Tsohon ya sauko daga tsani, ya ɓare goro, ya daɗe yana kallon wurin. Can ya ce, "Bangon ya faɗi abin da yake so." Ya cika da'irar nan da ɗan yatsa, ya yi mata 'yar'uwa a baya, ya haɗa su da ƙarfe, ya ɗora sirdi. Igiyar dagin da ta rage ya janyo ta ƙasa ta zama ƙahon keke. Kafin la'asar rabin dagi ya koma keke, takobin kuwa ba a sake maganarsa ba. Kakanka ya fito daga rakiyar baƙo, ya tsaya, ya ce ai ba haka aka yi da shi ba. Tsohon ya amsa masa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙasa ma haka. In ya bari a yi shawara, sai ta bushe da tabo. Kakanka ya yi murmushi, ya ƙara masa sule biyu. Shekara da shekaru mai neman gidanmu ana ce masa ya nemi zaure mai keke.

Kawuna ya kan ce magina gidan sarauta ne, suna da Sarkin Magina, kuma gadonsu na komawa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Cewa yake wa ya taɓa tsayawa a kan irin wannan yana nuna masa inda zai sa hannu? Ko da siminti da fenti suka shigo, masu zane ba su daina ba: agogo, jirgin sama, bindiga, duk sun hau bango, nan da Kano har Damagaram.

Ku kuwa yanzu kowa da hoto a waya, so kuke gidanku ya fito sak na wani. Mu ma da laifinmu. Mu muka bari aka rushe zauren nan aka yi shaguna na bulo, ko hotonsa ban ɗauka ba. Wannan na ci mini rai.

Ban ga bangon naka ba tukuna. Ka tambaye shi ma kuwa me ya sa dagin ya yi tsawo? Wataƙila taga ce ta tare shi. Ranar Juma'a bayan an sauko ka zo ka ɗauke ni mu je in gani, kuma ka tsaya ka sayi goro, fari, na mai zanen.